Spitfire a Kan Teburina: Jirgin da Bai Kai Ga Tsufa Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a baya, ruwa ake yi tun asuba, kun san ruwan Ingila, ba sallama ba bankwana. Na buɗe taga duk da sanyin, don aikin yau na gam ne da fenti, warinsu kuwa a rufaffen ɗaki ba abin wasa ba ne.

Bari in juya kyamara ku ga tebur. Kun ga wancan na gefe, wanda ya yi baƙi ƙirin kamar an ciro shi daga gobara? Shi ne Spitfire na farko da na taɓa haɗawa, wato ƙaramin kwaikwayon roba na jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu. Kada ku yi dariya tukuna, za mu dawo kansa. Wannan kwalin shi ne na yau.

Ga waɗanda yau suka fara kallo, abin da ke ciki gutsattsarin roba ne manne a jikin rassa, kowane da lambarsa, sai takardar bayani da sitika. Kamfanoni irin su Airfix na nan Ingila, da Tamiya na Japan, da Eduard na ƙasar Cek, su ke buga su. Lambar nan da ke kan kwali, 1/48, ita ce ma'auni: komai na jirgin gaske an raba shi gida 48. Faɗin Spitfire daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11.23 ne, saboda haka nawa zai fito santimita 23 da 'yan kai. Akwai 1/72, wanda ya fi yawa a hannun mutane, shi santimita 15 da rabi yake fitowa. Na bar shi ne saboda idanuna, ba don wani aibu ba.

To wane Spitfire? Tambayar da ban yi wa kaina ba ke nan a karon farko. An ƙera fiye da 20,000 tun daga ranar 5 ga Maris 1936 da na gwaji ya fara tashi, kuma mai zanensa, R. J. Mitchell, bai ga yaƙin ba ma, ya rasu a 1937. Kowane ɗaya da lambarsa da irin rayuwar da ya yi. Nawa na yau shi ne N3200, nau'in farko da ake kira Mk I, na runduna ta 19 da ke Duxford kusa da Kambirij, wadda ita ce ta fara karɓar Spitfire a 1938. A watan Afrilu 1940 aka kawo musu shi. Ranar 26 ga Mayu, ranar da aka fara kwashe sojojin ƙawance daga Dunkirk da ke gaɓar tekun Faransa, shugaban rundunar Geoffrey Stephenson ya tashi da shi. Aka harbi jirgin, Stephenson ya saukar da shi a kan rairayin bakin teku a Sangatte kusa da Calais, Jamusawa suka kama shi. Fitar jirgin ta farko fagen fama ke nan, ita ce kuma ta ƙarshe. Rairayi ya binne jirgin sai a 1986 aka tono shi, aka yi ta gyara har ya sake tashi a 2014. Yanzu yana gidan tarihin yaƙi na Duxford ɗin. Na je na tsaya a gabansa, na daɗe ban ce uffan ba, sai kunyar wancan baƙin nawa ta kama ni.

Mu fara. Kada ka murɗe gutsure daga reshe da hannu, zai yage ya bar tabo. 'Yar filaya mai kaifi za ka sa, ka yanka nesa kaɗan, sannan ka bi ragowar da reza. Daga ciki ake farawa, wato mazaunin matuƙi, don da zarar ka rufe jikin jirgi hannunka ba zai sake shiga ba. Launin cikin kore ne mai haɗe da toka. Ku dubi allon agogunan nan, bai kai farcen ɗan yatsana ba. Na shafa baƙi, na ɗiga fari da tsinken sakace, na sa ɗigon banish a kan kowane agogo ya yi kamar gilashi. Wani zai ce wa zai gani in an rufe? Gaskiya ne, rabinsa ba za a gani ba. Ni dai na san yana nan.

Innalillahi. Sandar tuƙi ta tsallake daga matsefata. Tsaya in duba ƙasa.

To, minti ashirin na yi a durƙushe da fitilar waya. Ashe tana manne a hannun rigata. Duk mai wannan aiki ya san darduma ta fi kowa cin kayansa.

Yanzu maganar gam, a nan masu farawa suke faɗuwa. Gam ɗin roba ba manna abu yake yi kamar na takarda ba, narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ake fara gwada haɗin a bushe, a ga inda ya zauna da inda ya ƙi. In ya zauna, ka riƙe, ka taɓa bakin haɗin da burushin gam mai ruwa-ruwa, shi da kansa zai bi tsagar ya zarce. Amma ka kula da yatsanka. In gam ya bi ta ƙarƙashinsa, zanen yatsanka zai zauna a jikin jirgin. Ku duba bayan wancan na farko, ga shaidar babban yatsana nan, ko 'yan sanda ba za su sha wahalar gano ni ba.

Fukafukai sun shiga. Ku kalle shi ta gaba: ba a miƙe suke ba, sun ɗan ɗaga sama kamar digiri 6. In ka bari suka kwanta, duk kyan fentinka jirgin zai yi kamar kaza da ruwa ya daka. Ku duba ƙasansa kuma, ɓangarorin biyu ba iri ɗaya ba ne. Babban akwatin nan a ƙarƙashin fiffiken dama shi ne lagireto, ƙaramin na hagu na sanyaya man inji ne. Injin Merlin na Rolls-Royce da ruwa ake sanyaya shi, don haka harsashi ɗaya in ya huda wannan akwatin, ruwan ya tsiyaye, 'yan mintuna ne inji ya ƙone. Tun da na san haka na daina kallonsa a matsayin gutsure mai lamba.

Tsagar da ta rage a gadon baya na cike ta da fila, irin wadda masu gyaran jikin mota suke shafawa, sai dai tamu ta fi laushi. Ta bushe, na bi ta da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 1000. Wannan ɓangaren ba daɗin kallo, zan yanke shi.

Mun dawo, kwana uku ke nan. Laimar garin nan ba ta barin fenti ya bushe da wuri, wanda ya yi gaggawa kuwa shi zai yi aiki biyu. Na fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda ke tona asirin duk wani karce da ido bai gani ba. Ya tona mini biyu, na gyara.

Ƙasan jirgin zai ba wasu mamaki: fiffiken hagu baƙi, na dama fari. Ba ado ba ne. A farkon yaƙin haka sojojin saman Birtaniya suke fentin jiragen farautarsu don masu sa ido da masu bindiga a ƙasa su gane nasu ne. Sai a watan Yuni 1940 aka koma launin nan mai kama da ƙwan agwagwa da suke kira Sky. To N3200 bai kai Yuni ba. Da na bi abin da ido ya saba gani a hotunan yaƙin sararin Birtaniya, na Yuli zuwa Oktoba, da na sa masa rigar da bai taɓa sawa ba. Sama kuma launi biyu ne, ruwan ƙasa da kore mai duhu. Ruwan tokan da kuke gani a wasu Spitfire ya zo ne daga Agusta 1941, lokacin da faɗan ya koma kan teku da Faransa.

Ga 'yar bindigar feshin. Ana tsinka fenti da tina har ya koma kamar madara, a fesa sama-sama sau uku maimakon sau ɗaya mai kauri, don kauri na cike siraran layukan da ke nuna gaɓoɓin ƙarfen jirgi. Mai haske ake fara sawa, ruwan ƙasa, sannan a rufe da tef ɗin takarda a fesa kore. Wanda ba shi da bindigar feshi kada ya karaya, burushi mai faɗi da fenti tsinkakke suna yi, na ga aikin burushi da ya kunyata nawa.

Murfin gilashi kuwa kada gam mai ƙarfin nan na nan-take ya kusance shi. Tururinsa na sa roba mai haske ta yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Farin gam na katako ya isa, yana bushewa garau.

Sitika. Waɗannan ba ɓarewa ake yi ba, a ruwa mai ɗumi ake tsoma su daƙiƙa kaɗan, a ajiye, sai su saki takardar ka zame su zuwa wurinsu. Amma kafin nan dole jikin jirgi ya sha banish mai sheƙi. In fuskar ba ta da santsi, iska na maƙalewa a ƙarƙashin sitika ta riƙa ƙyalli kamar azurfa a gefen haruffa. Ga QV, alamar runduna ta 19. Ga da'irar gefe, ja a tsakiya, fari, shuɗi, da rawaya a kewaye. Na saman fiffike ja da shuɗi ne kawai, an cire farin don kada ya haska wa abokin gaba daga sama. Kan farfela kuma akwai rawaya inci 4 a jirgin gaske, a nawa milimita 2. Na auna, ban yi da ka ba.

To yanzu mun zo inda nake son zuwa tun ɗazu. Bari in ɗauko wancan na farko. Lokacin da na haɗa shi na kalli ayyukan gwanaye, na ga tsatsa da hayaƙi da ɓarewar fenti, sai na ɗauka datti shi ne gwaninta. Na zuba ko'ina. Ku duba jela, na yi mata ɗige-ɗigen azurfa wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito. Alhali abin karkata jirgi da ke jela ba ƙarfe aka lulluɓe shi da shi ba, yadi ne aka ɗaure aka shafa masa magani ya yi tauri. Ina ƙarfen da zai fito? Na sa tsatsa a fiffike, jikin Spitfire kuwa alminiyam ne, ba ya jan tsatsa. Na ɓare fenti daidai wa daida hagu da dama, alhali ƙofar matuƙi a hagu take, ta gindin fiffiken hagu yake takawa ya hau, can takalmi ya fi ci.

Ba wai datti ƙarya ba ne. Merlin na yoyon mai, ƙasan Spitfire da ya daɗe yana aiki za ka ga baƙin mai ya bi shi daga bayan inji zuwa jela. Salansa na barin hayaƙi a gefe, ba a miƙe ba, yana lanƙwasa yadda iska ke bi ta saman fiffike. Amma kowane tabo akwai abin da ya jawo shi, akwai kuma tsawon lokacin da ya ɗauka. Wannan jirgi mako biyar da 'yan kwanaki kawai ya yi a hannun rundunarsa. Ni kuma safiyar 26 ga Mayu nake son nunawa, yana tsaye a kan ciyawa, bai tashi ba tukuna. Don haka abin da zan yi kaɗan ne, kuma wallahi hana hannu ya fi sakinsa wuya.

Ga fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, na tsinka shi sosai. Na taɓa layi, kun ga yadda ya gudu da kansa? Bayan ɗan lokaci na goge ragowar da auduga, daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. Hayaƙin salansa sau biyu kawai na wuce da bindiga, in ba ka matso ba ba za ka lura ba. Gindin fiffiken hagu na sa fensir mai launin azurfa, ɗigo shida ko bakwai. Hannuna na ƙaiƙayi in ƙara. Na ajiye fensirin a can nesa, kun gani.

Saura wayar rediyo, wadda ta taso daga sandar bayan matuƙi zuwa saman jela. Da ragowar reshen roba ake yin ta: ka riƙe shi a saman kyandir yana juyawa, in ya yi laushi ka janye daga wutar ka ja a hankali, sai ya miƙe siriri kamar gashi. Na matsa kusa da taga, don na'urar jin hayaƙin gidan nan ba ta da haƙuri, ta taɓa tara mini maƙwabta.

Na farko ya tsinke. Na biyu ya yi kauri, a ma'aunin 1/48 wannan igiyar rijiya ce. Na uku, yauwa. Ɗigon gam a kan sanda, ɗigo a jela, kada kowa ya yi numfashi.

Ya kama. Bari in ajiye su gefe da gefe, na farko da na yau, in matso da fitila. Wancan ba zan jefar da shi ba, a nan zai zauna inda nake ganinsa. Wannan kuma saura banish marar sheƙi, in ruwan nan ya ɗauke gobe sai in fesa, sannan in cire tef ɗin da ke kan gilashi mu ga ko fenti ya zurara ciki. Sai mun haɗu, jama'a.