Katin jirgin cikin gari: abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya shiga tasha

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau na matafiya ne, musamman mai zuwa jefi-jefi, wanda zai yi kwana uku ko mako guda a birni irin su Landan ko Tokyo ko Dubai, ya gama abin da ya kai shi ya juyo. Za mu yi magana ne a kan katin nan da ake zuba wa kuɗi, ana cira kaɗan-kaɗan duk lokacin da mutum ya hau jirgin cikin gari. Mazauna garin sun saba, ko kallon na'urar ba sa yi, wucewa kawai suke. Baƙo ne ke tsayawa yana waige-waige, kuma shi aka fi cirar wa kuɗi fiye da kima. Ba wai an yi niyyar cutarsa ba ne, a'a, ba a dai zaunar da shi an faɗa masa yadda abin yake aiki ba.

Kowane birni da sunan nasa katin. Hong Kong na cikin waɗanda suka fara, da katin Octopus a 1997. Tokyo ta fito da Suica a 2001, Landan ta kawo Oyster a 2003, Dubai kuma ta zo da Nol a 2009, shekarar da aka buɗe jirginta na cikin gari. Sunaye daban-daban, amma aikin kusan ɗaya ne. Zan fi kafa misali da Landan, domin tsarinta ya fi yawan lungu da saƙo, wanda ya gane shi sauran ba za su ba shi wuya ba.

To, shi katin kansa ba shi da batir. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya ta lantarki da siririyar waya da aka naɗe, idan ka kusantar da shi ga na'urar ƙofa daga nan yake samun wutar da zai yi aiki, su gama musayar bayani cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Yadda kake zuba wa wayarka kuɗin kira kana magana ana cira, haka shi ma yake.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne gundarin darasin. Idan tikitin takarda ka saya, kai ne ka faɗi inda za ka tun kafin ka biya. Shi kuwa kati bai san inda za ka ba. Abu biyu kaɗai yake gane wa: inda ka ɗora shi lokacin shiga, da inda ka ɗora shi lokacin fita. Da waɗannan biyun ake lissafa kuɗinka. A Landan, da zarar ka ɗora Oyster a ƙofar shiga, ana riƙe maka kuɗi mafi tsada da za a iya caja, sai ka ɗora a ƙofar fita sannan a gyara lissafin ya koma daidai tafiyar da ka yi. Ka ga ke nan idan ka fita ba ka ɗora ba, babu mai gyarawa. Tasha biyu ka yi, amma ka biya kamar wanda ya ratsa gari.

Wani zai ce, ai ƙofa ba za ta buɗe ba sai na ɗora, ta yaya zan manta? Tambaya mai kyau. A manyan tashoshi haka ne. Amma wani lokaci za ka tarar an bar ƙofofin a buɗe, saboda cunkoso ko saboda dare ya yi, mutane na ta kwarara. Baƙo sai ya bi ayari ya wuce, yana ganin an yafe ne. Ba a yafe ba. Ko a buɗe ƙofa take, miƙa hannu ka ɗora. Sannan akwai tashoshin da ba su da ƙofa kwata-kwata, kamar yawancin na jirgin DLR da ke gabashin Landan. A can abin da za ka nema shi ne wani ɗan ginshiƙi, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum da yawa ba, galibi a gindin matakala ko a bakin mashiga, da faifai rawaya a jikinsa. Babu mai tsare ka, babu mai tuna maka. Ka shimfiɗa katin a kan rawayan nan, ka ɗan tsaya. Idan wuta ta yi kore ka ji ƙara sau ɗaya, ya karɓa. Idan ta yi ja ka ji ƙara sau biyu, bai karɓa ba, kada ka wuce, sake gwadawa ko ka nemi ma'aikaci. Ni a ganina wannan 'yar tsayuwar ta daƙiƙa biyu ta fi duk wata dabara da zan faɗa muku yau amfani.

Amma fa ba ko'ina ake ɗorawa sau biyu ba. A motar bas ta Landan da jirgin tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bi ta kan titi, sau ɗaya ne, lokacin shiga, domin kuɗin ɗaya ne ko ina za ka sauka. Haka jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York, shiga kawai ake ɗorawa. A Dubai kuwa har a bas sai ka ɗora lokacin sauka. Saboda haka ranar farko a kowane gari, tambayar da za ka fara yi ita ce, nan sau ɗaya ake yi ko sau biyu? Kuma ku riƙe wannan, tun 2014 bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, kada ka shiga da takardar fam a hannu kana jiran direba ya ba ka canji.

Mu zo kan yadda kuɗin ke hawa da sauka. An raba Landan shiyya-shiyya, kamar zobe a cikin zobe, shiyya ta 1 ita ce tsakiyar gari, filin jirgin sama na Heathrow kuma yana shiyya ta 6. Yawan shiyyoyin da ka ratsa, yawan abin da za ka biya, kuma ratsa shiyya ta 1 ya fi tsada. Wannan ne ya sa a wasu tashoshin da ake sauya jirgi, irin su Stratford da Canada Water da Highbury & Islington, za ka ga wani faifan, shi ba rawaya ba, ruwan hoda. Amfaninsa shi ne ka shaida wa tsarin cewa ka zagaya ne, ba ka bi ta tsakiyar gari ba, sai a caje ka mai sauƙi. A tsakiyar tafiya ake ɗora masa kati, ba ya maye gurbin na shiga ko na fita.

Sai lokaci. Daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe da ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma, lokacin ma'aikata ne, kuɗin ya fi tsada. Lokacin da ka ɗora katin shiga da shi ake lissafi. Kai baƙo da ba ofis za ka ba, me zai hana ka ɗan dakata tara da rabi ta wuce? Ka samu sauƙin kuɗi, ka kuma samu wurin zama.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne ƙaidin da aka sa wa kuɗin yini. Idan tafiye-tafiyenka na rana ɗaya suka kai wani adadi, an daina cira ke nan, sauran hawan da za ka yi a waɗannan shiyyoyin kyauta ne har ƙarfe 4:29 na asubahin gobe. Akwai irinsa na mako, daga Litinin zuwa Lahadi. To amma wannan rangwamen yana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Dole ka riƙe abu ɗaya tun safe har dare. Idan da safe ka yi amfani da Oyster, da rana ka ɗora katin banki, da yamma ka ɗora waya, a wurin na'ura ku mutum uku ne, kowa da lissafinsa, babu wanda zai kai ƙaidin. Kai, ko da katin bankin nan ne ka sa a cikin wayarka, idan ka shiga da waya ka fita da katin roba, an ɗauke su abu biyu daban, ka yi tafiya biyu da ba a kammala ba, kowacce da cajinta mai tsada. Sannan tafiyar da ba a kammala ba, ba ta shiga lissafin ƙaidin yini.

Tunda na ambaci katin banki, bari in ɗan tsaya a kansa. Tun 2014 jiragen Landan ke karɓar katin banki mai alamar ɗorawa, kuma kuɗin babba ɗaya ne da na Oyster. Ga wanda zai yi kwana biyu, wannan ya fi sauƙi, ba sai ya sayi sabon kati ba, domin sabon Oyster yanzu ana biyan kuɗinsa kuma ba a mayarwa. Sai dai ka binciki abu biyu tun kafin ka baro gida. Na farko, bankinka ya buɗe wa katin aiki a ƙasar waje? Ba kowane katin waje ƙofa ke karɓa ba. Na biyu, nawa yake cira na canjin kuɗi? Idan yana cira mai yawa a kan kowane ciniki, to katin garin ya fiye maka. Wanda kuma zai dogara da waya, ya lura da caji. Wayar ta mutu a tsakiyar tafiya, ba ka da abin fita, kuma idan mai binciken tikiti ya zo ba ka da abin nunawa, tara ce za ta hau kanka.

Kada kuma ka ɗora walat gaba ɗaya a kan na'ura alhali akwai kati biyu ko uku a ciki. Ko ta ƙi buɗewa, ko ta ciri kuɗi daga wanda ba shi ka nufa ba. Zaro wanda kake so tun kana tahowa, ka riƙe shi a hannu. Na bayanka ma za su ji daɗi. In kana jan akwati ko keken yaro, duba gefe, akwai ƙofa mai faɗi wadda ba ta saurin rufewa.

Masu tafiya da iyali, a Landan kowane mutum da katinsa. Ba za ka ɗora ka wuce ka miƙo wa maiɗakinka ta ɗora ba. Yaran da ba su kai shekara 11 ba suna shiga kyauta tare da babban da ya biya, har yara huɗu, ta ƙofar nan mai faɗi za ku bi tare. Masu shekara 11 zuwa 15 kuma, ka samu ma'aikaci a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tare da yaron, ka ce ya sa wa Oyster ɗinsa rangwamen yara baƙi. Rabin kuɗin babba zai riƙa biya har kwana 14. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba, suna ta biya wa ɗan shekara 12 kuɗin babba, abin ba daɗi.

Wajen zuba kuɗi a na'urar tasha, ga yadda ake yi. Ka ɗora katin a faifan rawaya, allo zai nuna maka abin da ya rage. Ka zaɓi adadin da kake so, ka biya, sannan ka sake ɗora katin a karo na biyu. Wannan na biyun shi ne ke shigar da kuɗin, kada ka juya ka tafi ba ka yi shi ba. Shawarata ga baƙo, zuba kaɗan-kaɗan, na kwana ɗaya ko biyu, ya fi ka zuba mai yawa ka rasa yadda za ka yi da ragowa. A Dubai sai kana da aƙalla dirhami 7.5 a katin Nol ƙofa za ta buɗe maka. A Japan yawancin na'urorin zuba kuɗi tsabar yen suke karɓa, sai ka tanadi takardu a aljihu, kuma idan kuɗin bai isa ba lokacin fita, akwai na'urar cike gibi daga ciki kafin ƙofa.

Kowane kati kuma yana da iyakar inda yake aiki. Oyster yana kai mutum filayen jirgin sama na Heathrow da Gatwick, amma ba ya kai wa filin jirgin Stansted, duk da cewa a tashar Liverpool Street zai buɗe maka ƙofa lafiya lau. Buɗewar ƙofar shiga ba ta nufin katin zai yi aiki a inda za ka sauka. Duk tafiyar da za ta fita wajen gari, tambayi ma'aikaci kafin ka hau. Japan ta sauƙaƙa nata, tun 2013 manyan katunanta goma suke aiki a biranen juna, Suica na Tokyo zai yi maka aiki a Osaka.

Idan an riga an cire maka kuɗi mai tsada saboda mantuwa, kada ka haƙura da shi. A Landan ka jira awa 48, domin wani lokaci tsarin da kansa yake gyarawa. In bai gyara ba, kana da mako 8 ka nemi a mayar maka, ta shafin hukumar sufurin birnin ko ta waya. Yin rajistar kati yana sauƙaƙa wannan, kuma shi ne ke ceton kuɗinka idan katin ya ɓace. Wanda ba a yi wa rajista ba, duk wanda ya tsinta nasa ne. Nau'in Oyster na musamman da ake sayar wa baƙi kafin su iso, shi ba a yi masa rajista, ku san da haka kafin ku zaɓa.

Sai ranar komawa. A ajiye katin ko a karɓi ragowar? Ya danganta da ko za ka dawo. Kuɗin da ke cikin Oyster ba ya lalacewa, ko bayan shekaru ka dawo za ka tarar da abinka, saboda haka mai zuwa jefi-jefi ya sa shi cikin jakar fasfo ya ajiye. Wanda ya san ba zai dawo ba, idan ragowar ba ta wuce fam 10 ba, na'urar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa za ta ba shi a hannu, amma daga nan katin ya daina aiki, don haka sai bayan tafiyar ƙarshe ake yin wannan. Suica na yau da kullum yana nan da ransa muddin ba a yi shekara 10 ba a taɓa shi ba, kuma yen 500 da aka riƙe lokacin saye ana mayarwa idan ka maida katin. Amma Welcome Suica, wanda aka yi wa baƙi, kwana 28 ne kawai, kuma ba a mayar da ragowa. Wanda yake da shi ya ƙarar da kuɗin kafin ya hau jirgin sama, shagunan tasha da na filin jirgi da dama suna karɓarsa a madadin tsabar kuɗi.