Amsoshin Tambayoyinku: Da me ake auna mai neman kujerar alƙalin ɗaukaka ƙara a jihohin Amurka?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce, wai da gaske ne a Amurka alƙali kan fito yaƙin neman zaɓe kamar kansila? Wani kuma daga birnin Hustan na Jihar Tekzas ya ce bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba, ya duba samfurin takardar ƙuri'a ya ga jerin masu neman alƙalancin kotun ɗaukaka ƙara, ko mutum ɗaya bai sani ba, to da me zai auna su? Ta uku daga wata malama ce a Maraɗi, za mu zo kanta. Muna tare da wani lauya masanin tsarin kotunan Amurka. Barista, barka da zuwa. Mu fara da ta Zariya.

Barista: Barka kadai, Malam. Da gaske ne, amma ba ko'ina ba. Alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tabbatar, kuma ba su da wa'adi. Jihohi ne kowace da tsarinta. A Tekzas, Alabama da Karolina ta Arewa, ɗan takara na fitowa da sunan jam'iyyarsa a jikin takardar ƙuri'a. A Wiskonsin da Minesota ana zaɓe amma ba a rubuta jam'iyya. Sai tsarin da Jihar Mizuri ta fara a 1940: kwamiti ya tace sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, bayan alƙalin ya yi aƙalla shekara guda sai a tambayi jama'a, ya ci gaba ko ya sauka? Ba abokin karawa, e ko a'a ne kawai. A Ilinoi kuwa, alƙalin da ke neman zarcewa sai ya samu kashi 60 cikin ɗari na masu cewa e.

Mutumin Zariya dole ya yi mamaki, don a Najeriya alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara shugaban ƙasa ke naɗa shi bisa shawarar hukumar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC, bayan ya yi shekara 12 ko fiye da zama lauya. Ko kadin kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a jiha, gwamna ne ke naɗawa bisa shawarar hukumar. Ba ruwan talaka da ƙuri'a a nan.

Mai gabatarwa: To mu koma kan na Hustan, wanda shi ƙuri'ar ce a hannunsa.

Barista: Kafin ya auna mutum, ya fara sanin aikin. Alƙalin ɗaukaka ƙara ba ya sauraren shaidu, ba ya ganin wanda ake tuhuma a akwati, ba a kawo masa sabuwar hujja. Abin da ke zuwa teburinsa takardu ne: kundin duk abin da aka faɗa a ƙaramar kotu, da rubutattun hujjojin lauyoyin ɓangarori biyu. Yawanci mutum uku ke zama kan ƙara ɗaya, biyu suka yarda an gama. In an ba lauyoyi damar magana baki da baki, mintuna kaɗan ne kowane ɓangare, kuma ƙararraki da yawa ko wannan ba a yi. Tambayar da suke amsawa ba ita ce "wa ke da gaskiya?" ba. Tambayar ita ce, alƙalin ƙasa ya yi kuskure wajen aiki da doka? In ya yi, kuskuren ya kai ya canza sakamako? Saboda haka aikin karatu ne da rubutu. Mai iya tsawa a kotu ko mai farin jinin taro, ba lallai ya iya shi ba.

Kuma kada a raina kujerar. Kotun ƙolin jiha zaɓen ƙararrakin da za ta saurara take yi, don haka mafi yawan mutane a wannan kotu ta tsakiya shari'arsu ke ƙarewa, ta gado ce, ta riƙon yara ce, ko ta ɗauri.

Mai gabatarwa: To a aikace, ya zauna gaban kwamfuta, me zai fara nema?

Barista: Rubutun ɗan takarar. In alƙali ne mai ci, hukunce-hukuncensa na shafin intanet na kotun, kyauta. A Hustan kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne, ta ɗaya da ta goma sha huɗu, kowace da alƙalai tara masu wa'adin shekara shida. Ya ɗauko hukunci uku ko huɗu da ɗan takarar ya rubuta da kansa, ya haɗa da na laifi da na rikicin dukiya. Ba sai lauya ne zai gane ba. Ya duba: an bayyana hujjar wanda ya faɗi ƙara da adalci, aka amsa ta, ko tsallake ta aka yi? An faɗi dokar da aka dogara da ita? Wanda ya sha kaye zai karanta ya san dalilin kayen? Sannan ya nemi inda alƙalin ya saɓa wa abokan zamansa ya rubuta nasa ra'ayin daban. A nan hali ke fitowa, don a nan ne ake ganin mai jayayya da hujja da mai jifa da baƙar magana.

Abin da ni na fi ba nauyi shi ne a samu hukuncin da alƙalin ya yanke wanda bai yi wa jam'iyyarsa ko magoya bayansa daɗi ba, saboda doka ce ta kai shi can. In an duba shekara shida ba a samu ko ɗaya ba, akwai abin dubawa.

In kuma ɗan takarar daga ƙaramar kotu ya taso, a duba sau nawa aka rushe hukuncinsa a sama, amma a karanta dalili. Rushewa don doka ce sabuwa da ba a taɓa fassarawa ba, wannan ba aibi ba ne. Rushewa sau da sau kan kuskure iri ɗaya, kamar hana wanda ake tuhuma gabatar da shaidarsa, shi ne alamar matsala. In lauya ne bai taɓa alƙalanci ba, a tambaya ƙara nawa ya taɓa kaiwa kotun ɗaukaka ƙara. Dokar Tekzas shekara goma na aikin lauya take nema da shekara 35 na haihuwa, wannan ƙofar shiga ce kawai.

Bayan rubutu sai tarihin ladabtarwa. Ƙungiyar lauyoyin jiha na nuna ko an taɓa hukunta lauya a fili, hukumar ɗa'ar alƙalai ma na wallafa nata. Ƙungiyar lauyoyin Hustan kan tambayi mambobinta ra'ayinsu kan alƙalai ta fitar da sakamako. Yana da amfani, sai dai a tuna lauyoyi ma suna da waɗanda suka kayar da su. Jihohi irin su Arizona da Kolorado sun fi sauƙi, don suna da hukumar da ke auna alƙali kan sanin doka, riƙon amana, natsuwa da saurin gama aiki, ta sanar ko ya cika ma'auni.

Mai gabatarwa: Tallace-tallacen talabijin fa, Barista? Mutum zai ga ana cewa wane ya saki mai laifi.

Barista: Nan ne aka fi ruɗar mutane. Sau da yawa ba saki aka yi ba, an mayar da shari'a ne a sake ta saboda an tafka kuskure a ƙasa, kuma alƙalai uku ne suka sa hannu. A nemo hukuncin a karanta. Game da abin da ɗan takara ke faɗa da bakinsa, tun 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yana da 'yancin bayyana ra'ayinsa kan batutuwan da ake taƙaddama a kai. Amma alƙawarin yadda zai yanke wata shari'a da za ta zo gabansa, ƙa'idojin ɗa'a sun hana. Wanda ya yi maka irin wannan alƙawari ya gaya maka ba zai saurari ɗaya ɓangaren ba, kuma wata rana kai ne ɗaya ɓangaren.

Sai zaɓe da suna kawai. A 1976 mutanen Tekzas sun kai wani Don Yarbrough kotun ƙolin jiha, da yawa suna zaton wani sanannen ɗan siyasa ne mai suna kusan iri ɗaya. Shekara na zagayowa ya yi murabus, daga baya aka same shi da laifin rantsuwar ƙarya.

Mai gabatarwa: Malamarmu ta Maraɗi ta ce, wanda aka kashe wa kuɗi ya ci zaɓe, ta yaya zai yi adalci ranar da mai kuɗin ya zo gabansa?

Barista: Malama ta taɓo inda ke ciwo. A 2004, a Jihar Bajiniya ta Yamma, shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya hau kotun ƙolin jihar, alhali an yanke wa kamfaninsa biyan diyyar dala miliyan 50 kuma ƙarar na hanyar zuwa can. Benjamin ya ci, ya ƙi janye kansa daga sauraron ƙarar, aka rushe diyyar da alƙalai uku a kan biyu. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka, biyar a kan huɗu, ta ce ya wajaba ya janye. Amma wannan hukunci na abin da ya wuce gona da iri ne, sauran an bar wa dokokin jihohi, kuma a wurare da dama alƙalin ne da kansa ke yanke ko zai janye. Kuɗin kuwa ƙaruwa suke yi: zaɓen kujera ɗaya a kotun ƙolin Wiskonsin ya ci fiye da dala miliyan 50 a 2023, na 2025 ya kai kimanin miliyan 100.

Abin da mai zaɓe zai iya shi ne ya buɗe rahoton kuɗin kamfe, wanda a Tekzas hukumar ɗa'a ta jiha ke ajiyewa. Kada ya tsaya kan jimla, ya duba ko kaso mai yawa daga hannu ɗaya ya fito, ko daga ofisoshin lauyoyin da ke da ƙararraki a kotun. Ya tuna kuma kuɗin da ƙungiyoyin waje ke kashewa da kansu ba ya fitowa a rahoton ɗan takara, sai ya karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan talla ya ga wa ya biya. In ya samu halartar taron 'yan takara, tambaya ɗaya ta isa: gudummawar nawa ce za ta sa ka janye daga shari'ar wanda ya ba ka?

Mai gabatarwa: In duk ya bincika bai gamsu ba?

Barista: Yana iya barin gurbin, sauran ƙuri'arsa ba ta lalace ba. Sai dai masu tsallake wannan sashe suna da yawa, shi ya sa ƙuri'ar wanda ya cika ke da nauyi. A 2024 kujerar kotun ƙolin Karolina ta Arewa da ƙuri'a 734 aka raba ta, cikin fiye da miliyan biyar da aka kaɗa.

Mai gabatarwa: Madalla, Barista, mun gode. Sauran wasiƙunku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.