Yadda Ake Zaɓen Kwale-kwalen Farko Idan Za A Riƙa Fita Su da Yara

Masu kallo, assalamu alaikum. Bayanin yau na magidancin da ya tara kuɗi zai sayi kwale-kwalensa na farko ne, kuma yana da niyyar ya riƙa ɗaukar 'ya'yansa ko ƙannensa su fita su tare, su koyi sana'a tun suna ƙanana. Za mu yi misali da tafkin Kainji da gaɓar kogin Neja a wajajen Yawuri, inda Sarkawa da sauran masunta suka daɗe suna rayuwa a kan ruwa, amma abin da za a faɗa ya shafi wanda yake Tiga ko Nguru ko Argungu.

Masuncin da yake fita shi kaɗai yana son jirgi siriri mara nauyi, wanda zai tsaga ruwa da sauri ya kai shi inda ya kafa tarunsa kafin rana ta ɗaga. Wannan jirgin yana yi masa biyayya ne domin jikinsa ya saba, yana gyara zama ba tare da ya yi tunani ba. Yaro ba haka yake ba. Da zarar kifi ya ja fatsa zai miƙe tsaye, zai leƙa ta gefe, idan kuma su biyu ne, duka za su ruga gefe guda su gani. Saboda haka, tambayar da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga gida har bakin ruwa ita ce: me jirgin nan zai yi idan yara biyu suka jingina a gefe ɗaya a lokaci guda, kuma me zai yi idan ruwa ya cika shi? Gudu da kyan fenti da rangwamen farashi duk suna bayan wannan tambaya.

A bakin ruwayen arewa, jirage iri biyu za ku fi tararwa. Na farko shi ne wanda masassaƙi ya rarake daga gungumen itace guda, kuma sana'a ce mai tsohon tarihi ƙwarai. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da irin wannan jirgi na maɗaci, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8, amma faɗinsa rabin mita ne kacal. Wannan awon ya nuna halin jirgin sassaƙa har gobe: ba ya wuce kaurin itacen da aka sare. Manyan itatuwan maɗaci da kawo sun yi ƙaranci, don haka abin da ake sassaƙawa yanzu yawanci siriri ne mai zagayayyen gindi, wani lokaci ma daga itace mai taushi irin rimi, wanda ba shi da nauyi amma yana saurin ruɓewa. A hannun gwani, jirgin sassaƙa abin sha'awa ne. Ga mai farawa da yara kuwa, ban ga dalilin zaɓensa ba matuƙar akwai na katako.

Jirgin katako kafinta ne yake haɗa shi da ƙusa, ya toshe tsakanin alluna da auduga ko tsumma, ya bi da kwalta. Fa'idarsa ita ce faɗi yana hannun mai saye, kuma gindinsa shimfiɗaɗɗe ne. A nan sai mu ɗan tsaya, domin mutane da yawa suna yaudaruwa da shimfiɗaɗɗen gindi. A ruwa mai kwanciya, irin wannan jirgi ba ya tangaɗi, mutum zai shiga ya ji kamar yana tsaye a tsakar gida. Amma idan igiyar ruwa ta buge shi ta gefe, yana bin karkatar igiyar ne gaba ɗaya, kuma idan ya wuce wani haddi yana kifewa farat ɗaya, ba tare da ya ba mutum damar gyara zama ba. Abin da ke rage wannan shi ne bangon jirgin ya buɗe waje yayin da yake hawa sama, wato bakinsa ya fi gindinsa faɗi sosai. Idan jirgi mai irin wannan ƙira ya karkata, ƙarin katako ne yake shiga ruwa, ruwan kuma ya tura shi ya dawo daidai. Jirgin da bangonsa ya miƙe tsaye ɗoɗar ba shi da wannan taimako, kuma yana barin feshin ruwa ya faɗo ciki.

Game da awo, ga babba ɗaya da yara biyu da kayan fatsa, jirgi mai tsawon mita 5 zuwa 6 ya wadatar, faɗinsa a tsakiya kuma kada ya gaza kamu biyu, wato kusan mita guda. Wanda ya fi haka gajarta yana juyi da kowane bugun filafili, sai ya gajiyar da matuƙi. Wanda ya fi haka girma nesa kuma, iska tana kama shi, mutum ɗaya ba zai iya mayar da shi gaɓa ba idan hadari ya taso.

Awon da ya fi kowane muhimmanci ba a yin sa a kan tudu. Sai an sa jirgin a ruwa, duk waɗanda za su riƙa shiga sun shiga, an ɗora kayan aiki, sannan a duba tazarar da ta rage tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi a wurin da ya fi ƙasa. Idan ba ta kai taƙi guda cikakke ba, jirgin ya yi muku kaɗan, komai daɗin bakin mai sayarwa. Ku tuna kuma cewa da safe ake fita da busasshen kaya, a dawo da jiƙaƙƙe da kifi da ruwan da ya taru a ciki, kuma kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Jirgin fito ne, ba na su ba, amma ƙa'idar ruwa ɗaya ce ga babban jirgi da ƙarami.

Daga nan sai wurin zama. Kafintoci sukan kafa allunan zama a saman bakin jirgi domin suna ƙara masa ƙarfi, amma duk yadda nauyi ya hau sama, haka jirgi yake ƙara tangaɗi. Ku roƙi kafinta ya sa wa yara nasu allon can ƙasa, kusa da gindi, a tsakiyar jirgi, kuma a gaban matuƙi, yadda idonsa yana kansu a kowane lokaci. Yana da kyau a shimfiɗa 'yan alluna a ƙasa domin ƙafa ta rabu da ruwan da ke taruwa. Shi wannan ruwan bai kamata a raina shi ba, domin a shimfiɗaɗɗen gindi yana kwarara ne gaba ɗaya zuwa gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara wa gefen nauyi a daidai lokacin da ake buƙatar sauƙi. Ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa tana cikin kayan jirgi, a ɗaure ta da igiya, kuma kwarfe ruwa shi ne aikin farko da ya dace a koya wa yaro, domin a zaune ake yin sa.

Yanzu ga gwajin da yawancin masu saye ba sa yi, alhali shi ne yake amsa rabin tambayarmu. A kai jirgin inda ruwa yake iya ƙugu, babu yaro a ciki, a karkata shi da gangan har ruwa ya cika shi. Jirgin katako yawanci ba ya nutsewa ƙasa, yana tsayawa ne bakinsa daidai da fuskar ruwa, amma idan katakon mai nauyi ne kuma ya sha ruwa shekara da shekaru, da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle mutum uku su rataya a jikinsa. Jirgin faiba, wato na roba mai tauri, da na ƙarfe kuwa, idan ba a yi musu rufaffun akwatunan iska ko soso a goshi da baya ba, ƙasa suke tafiya kai tsaye. Maganin ba shi da tsada. Jarka mai lita 20, babu komai a cikinta kuma an rufe bakinta da kyau, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a cikin ruwa. Idan aka ɗaure biyu a goshi biyu a baya, ɗauri na gaske a ƙarƙashin alluna yadda ba za su kuɓuce ba, jirgin da ya cika zai tsaya a sama. Bayan an saya, a maimaita wannan gwaji tare da yaran a ruwa mara zurfi, suna sanye da rigar kariya, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, domin su koyi cewa idan jirgi ya kife ana riƙe shi ne, ba a barinsa a nufi gaɓa da iyo.

Idan na hannu za ku saya, kada sabon fenti ko sabuwar kwalta su ɗauke muku hankali. Ku danna tsinin wuƙa a katakon gindi, musamman a kusurwar da gindi ya haɗu da bango da kuma goshi inda jirgi yake gogar yashi, idan wuƙar ta shige da sauƙi to ruɓa ta kama. Ku duba kawunan ƙusoshi, domin baƙin zobe a kewayensu alama ce ta tsatsa da ta ci ƙusa ta ci katako. Ku shafa cikin jirgin da hannu a hankali ku nemi tsinin ƙusa da ya leƙo, tunda yara ba takalmi suke shiga. Jirgin da ya daɗe a kan tudu yana yoyo da farko kafin katako ya kumbura ya toshe kansa, saboda haka adalci shi ne a bar shi ya kwana a ruwa, a kwarfe shi da safe, sannan a zauna a ga yawan ruwan da zai shiga cikin awa guda. Ku kafa wannan sharaɗi kafin a yi sallama, a gaban shaidu, kuma ku tafi da dattijon masunci wanda ba shi da rabo a cinikin.

Kuɗin rigar kariya yana cikin kuɗin jirgi, kuma wanda kuɗinsa bai kai ga duka biyun ba, gara ya jinkirta sayen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Sai dai rigar manya ba ta yi wa yaro amfani, domin da ya faɗa ruwa za ta haye sama ta rufe masa fuska, shi kuma ya zame ta ƙasa. Ta yaro ana sayenta ne bisa nauyinsa, tana da abin tallafe ƙeya da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ku sanya masa, ku ɗaure, ku kama kafaɗun rigar ku ɗaga sama, idan ta haura kunnuwansa to ta yi masa yawa. Gorar da masuntan Argungu suke hawa a kan ruwa kayan aikin ƙwararru ce, ba ta maye gurbin riga ga yaro, tunda sai an riƙe ta, wanda ya firgita kuwa ba ya riƙe komai. Uban ma ya sanya tasa, ko da ya iya iyo, domin ba zai iya tallafe yara biyu yana kuma neman ceton kansa ba.

Injin, a ganina, ba na jirgin farko ba ne. Yana nauyaya baya, yana kai mutum nesa da gaɓa fiye da inda hannunsa zai iya dawo da shi idan injin ya mutu, farfelarsa kuma haɗari ce ga yaron da ya faɗa. Filafili biyu, ɗaya na ajiya, da doguwar sandar tuƙi da igiya a goshi sun isa.

Irin sun da za a yi ma yana shiga cikin zaɓen. Jifan birgi, wato ragar da ake jefawa a ruwa, yana buƙatar mutum ya tsaya ya murɗa jiki, mamari kuma doguwar igiya ce mai ɗimbin ƙugiyoyi da za ta iya kama hannun yaro yayin da take zuba cikin ruwa, don haka duka biyun a bar su sai ranar da babu yara. Da yara, fatsa ake yi a zaune, a nemi karfasa da ƙawara a bakin ciyawa. A tanadi kwando mai murfi ko akwati a tsakiyar jirgi, domin kurungu yana da ƙayoyi masu tauri da yake miƙewa ya kulle, minjirya kuma tana jan mutum da lantarki, kuma zaburar da yaro zai yi idan ya taka ɗayansu ta isa ta karkatar da jirgi.

Jirgin da muka siffanta na ruwa mai kwanciya ne kusa da gaɓa, ba na tsakiyar tafki ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka, kuma har yau akwai kututturan itace a ƙarƙashinsa da suke fasa gindin jirgi, musamman idan ruwa ya ja baya. Akwai kuma wuraren da dorina take zama. Waɗannan abubuwa sarkin ruwa da tsofaffin masuntan wurin ne suka san su, kuma zuwa gaishe su a tambaye su yana cikin shirin fita ta farko. A fita da sassafe kafin iska ta tashi, a zauna cikin lungun ruwan da tudu ya kare, a tazarar da wanda ke gaɓa zai ji kira, a kuma gaya wa mutanen gida wurin da aka nufa da lokacin dawowa. A farkon damina hadari yana tasowa daga gabas da guguwa mai ƙarfi cikin ɗan lokaci kaɗan, don haka da zarar gabas ta yi duhu a naɗe fatsa a juya, ko da kifi yana ci. A lokacin hunturu kuma hazo yana ɓoye gaɓa, ruwa yana sanyi, yara suna saurin ɗaukar sanyi fiye da manya, saboda haka fitar ta zama gajeriya, kuma a ajiye musu busassun tufafi a cikin leda a ɗaure a ƙarƙashin allon zama.