Idan allon kwamfuta ya koma shuɗi, kar ku yi saurin kashe ta

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik a faɗin duniya, bisa ƙiyasin Microsoft. Filayen jirgin sama, bankuna, asibitoci, ko'ina allo shuɗi. Da Microsoft ta zo nuna cewa matsalar daga csagent.sys ta taso, wani ɓangare na manhajar tsaro ta CrowdStrike, hujjarta fayilolin da kwamfutocin suka rubuta ne a daidai lokacin da suke faɗuwa.

To, yaya ake samun wannan fayil?

Duk abin da kwamfuta ke ciki a wannan daƙiƙa yana cikin RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ita kuwa RAM da zarar wuta ta ɗauke ta manta komai. Shi ya sa za ku ga lamba tana hawa a kan shuɗin allon, daga 0 zuwa 100. Kwamfutar ce ke kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa faifai. Wanda ya danne maɓallin kashewa a nan saboda haushi, ya goge shaidar da hannunsa.

Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba. Windows ba ta amince da kanta a wannan hali, don haka ba ta ƙirƙirar sabon fayil. Cikin pagefile.sys take zubawa, wurin da ta tanada tun farko, sai an sake kunnawa ta mayar da shi MEMORY.DMP a cikin C:\Windows. Ƙananan fayiloli masu taƙaitaccen bayani kuma suna taruwa a jakar Minidump. Masu kashe pagefile wai don su samu sarari, galibi ranar da abu ya faru sai su duba su ga wayam. Haka nan Disk Cleanup, abin share tarkace na Windows, yana share waɗannan fayiloli idan aka zaɓa masa su, saboda haka ku kwafe su gefe tukuna.

A Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, dabarar ta fi burge ni. Ana ware wani yanki na RAM a ajiye kanel na biyu, wato wata zuciyar tsarin, yana zaman jiran ko-ta-kwana. Na farko na faɗuwa, sai kdump, shirin da ke kula da wannan aiki, ya tashe shi, ya kwashe ƙwaƙwalwar wanda ya mutu ya ajiye da sunan vmcore, yawanci a /var/crash. Amma fa sai an saita shi tun kafin matsala ta zo.

A Windows, mai gyara zai buɗe fayil ɗin da manhajar bincike mai suna WinDbg, ya buga !analyze -v, sau da yawa sunan mai laifin ya fito.

Sai dai a kula: babban fayil ɗin na iya ƙunsar kalmomin sirri da takardun da ke buɗe lokacin. Idan za ku tura wa wanda ba ku sani ba, ku fara da ƙaramin na Minidump.