Sharhi: Likitocinmu Na Ficewa, Mu Kuwa Muna Neman Na Aro

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka koka da ƙarancin likitoci a asibitocin jihohinmu na Arewa, ba a jimawa sai a ji wani jami'in gwamnati ya fito yana cewa za a ɗauko likitoci daga Masar ko Indiya ko Kuba domin cike giɓin. Ana faɗin wannan magana kamar an gano maganin ciwon, alhali kuwa ko kusa da inda ciwon yake ba a taɓa ba. Najeriya ba ta kasa yaye likitoci ba. Abin da ta kasa shi ne riƙe waɗanda ta yaye.

A 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, waɗanda suka rage kuma ba su wuce kimanin 55,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Waɗannan da suka tafi a Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato da Ibadan aka koyar da su, da kuɗin talakan ƙasar nan, a kan gadajen marasa lafiyarmu suka goge, sannan da hannunsu ya faɗa sai Ingila da Saudiyya da Amurka suka kwashe su. A watan Agustan 2021, a daidai lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa ke yajin aiki, ɗaruruwan likitoci suka yi cincirindo a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya. Randar da ke yoyo ta gindi, wane mai hankali ne zai sayo ruwa mai tsada ya ci gaba da zuba mata, bai toshe hujin ba?

Hujin kuwa sananne ne. Har zuwa 2021, Naira 5,000 kacal ake bai wa likita a wata a matsayin alawus ɗin kasadar aiki, likitan da ke duba masu zazzaɓin Lassa da tarin fuka da korona. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma fiye da shekara ashirin ke nan gwamnatin tarayya ba ta cika alkawarin da aka ɗauka a cikin gidanta ba. Ku je babban asibitin ƙaramar hukuma da dare, ku ga likita ɗaya tilo da ya wuni a ɗakin duba marasa lafiya, ga mai naƙuda jini ya ɓalle mata, babu jini a ajiye, an ɗauke wuta, janareta babu mai, ma'aikaciyar jinya na haska masa da fitilar waya. Shi ne mutumin da ke bin gwamnati bashin ƙarin girma, shi ne kuma za a ce wa babu kuɗin gyara masa albashi, sannan ya ga an kawo baƙo ana biyansa da dala, an ba shi gida da mota da tikitin jirgi. Me ake so ya ji a ransa, in ba ya je ya nemi fasfo ba?

Masu goyon bayan ɗauko baƙi suna cewa mara lafiya ba ya jira, kuma kafin a yaye likita ɗaya sai an shekara shida a jami'a, ban da shekarun neman ƙwarewa. Wannan gaskiya ne, amma hujja ce a kansu, domin wanda ya san wahalar samar da likita ai shi ya fi cancanta ya riƙe wanda ke hannunsa. Baƙon ma da aka ɗauko, a wannan ɗakin tiyata maras wuta zai tsaya. Kenya ta gwada: ta kawo likitocin Kuba ɗari a 2018, shekara guda bayan likitocinta sun yi yajin aikin kwana ɗari, kuma a 2023 ta sanar cewa ba za ta sabunta yarjejeniyar ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da ba a sa shi a lissafi, wato harshe. Uwa ta shigo da yaro ta ce shawara ce ke damunsa, dattijo ya ce basir ne, alhali abin da yake nufi da basir ya haɗa ciwo uku ko huɗu; mace mai jego kuwa da kunya take kewaya abin da ke damunta, ba za ta faɗe shi a gaban tafinta namiji ba. Ɗan gida ne ke jin abin da aka faɗa da wanda aka haɗiye.

Ban ce a rufe wa ƙwararren baƙo ƙofa ba. Idan za a gayyato masanin tiyatar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, bisa sharaɗin ya horar da namu kafin ya koma, wannan abu ne mai amfani. Amma aikin yau da kullum na asibitin ƙauye namu ne, kuma kuɗin da za a kashe wa baƙo a riƙe ɗan gida da su. Gwamnonin da ke tura ɗalibai karatun likita a waje, su tambayi kansu mutum nawa ne cikin waɗanda suka dawo ke nan har yanzu a asibitocin jiha. Su daidaita albashin likitan jiha da na tarayya, tunda bambancin nan ne ke fara kwashe su zuwa asibitocin koyarwa kafin su tsallaka teku. Su buɗe guraben horon shekara ɗaya ga sababbin likitocin da ke zaune a gida wata da watanni suna jira, su biya kuɗin neman ƙwarewa a kan kari, su gina wa likitan karkara gida mai wuta da ruwa da tsaro. Majalisun dokokin jihohi kuma, kafin su amince da ko sisin kwabo na ɗauko likita daga waje, su nemi kwamishinan lafiya ya kawo musu adadin likitocin da suka ajiye aiki a bara, da dalilin da kowannensu ya bayar.