Karen riƙo: ranar da sababbin masu shi suka zo ɗauka

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne, ni Hadiza, ga Malam Bala, ga kuma Likita, wanda duba dabbobi ne sana'arsa. Zancenmu na yau riƙon kare ne: a tsinto shi a titi ko a karɓe shi daga hannun mai gallaza masa, ya zauna wurinka ya murmure, sannan ka miƙa shi ga waɗanda za su riƙe shi dindindin.

Bala: Ni dai Anti Hadiza, tun kafin a kunna na'ura na faɗa miki ban ga dabarar abin ba. Ke ce jinya, ke ce goge amai da tsakar dare, sai ya yi ɓul-ɓul gashi ya kwanta, wani ya zo ya ɗauke. Ba ga gidajen ajiye karnuka nan ba?

Likita: Suna nan, kuma ba yau aka fara ba. Na Battersea da ke Landan, wata mata Mary Tealby ce ta kafa shi tun 1860. Amma Malam Bala, ka taɓa shiga irin wurin? Keji na jere da keji, haushi ba dare ba rana, tari kuwa in ya kama ɗaya sai ya zagaye layin. Karen da ke ciki ba ya samun barcin kirki. A 2019 wata mai bincike, Lisa Gunter, da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji. Ana ɗaukar kare daga keji ya kwana ɗaya ko biyu a gidan wani, ana auna sinadarin kotizol a fitsarinsa, wanda ke hawa in dabba tana cikin damuwa. A gidan sinadarin ya sauka, karnukan kuma suka riƙa samun doguwar hutawa.

Bala: To da aka mayar da su fa? Ai nan gizo ke saƙa.

Likita: Ya koma inda yake da, bai haura ba. Wato hutun bai bar musu wani sabon ciwo ba.

Bala: Wannan kwana biyu ne. Ni wanda ya yi wata da watanni nake ji. Ya saba da muryarki, ya san ƙarar takunki, rana ɗaya ki sa shi a motar baƙi. Shi bai san an yi yarjejeniya ba.

Hadiza: Ba zan ce ba ya ji ba. Yana ji. Akwai wanda zai ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, yana leƙen ƙofa. Amma karen da ya koyi yarda da mutum ɗaya ya fi saurin yarda da na biyu, kuma aikin da nake yi ke nan. Bari in ba ka misali. An taɓa kawo mini wata karya ja, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, kaska cike da kunnuwa. Tana shiga ta shige ƙarƙashin gado. Ban jawo ta ba. Sai in zauna a ƙasa nesa kaɗan, in ba ta gefena, ba na kallon idonta, ina 'yan aikace-aikacena. In na ɗauki tsintsiya sai ta saki fitsari, ka san abin da aka yi mata da shi ke nan. Ranar da ta fito da kanta ta shinshina ƙafata, ko motsi ban yi ba.

Likita: Masu wannan aiki suna da wani lissafi da suke yi, kwana uku, mako uku, wata uku. Kwana ukun farko na tsoro ne, a mako na uku halinsa na gaskiya ke fitowa, a wata na uku ya san nan ne gida. Ba doka ba ce, kowane kare da nasa, amma yana hana mutum saurin yanke hukunci.

Hadiza: Mako na ukun nan shi ne inda ake gane kare! Wanda ka ɗauka salihi ne sai ka tarar ya tauna takalmi, ko ya yi maka gurnani in ka matso kusa da kwanonsa. Ni littafi nake ajiyewa ina rubutawa: yana tsoron maza masu babbar murya, ba ya shiri da kyanwa, in an bar shi shi kaɗai yana kuka har maƙwabta su ji. A keji babu mai ganin waɗannan.

Bala: Kuma duk ki karanta wa mai ɗauka? Ai sai ya gudu.

Hadiza: Gara ya gudu yau da ya dawo mini da shi bayan wata ɗaya, ko ya sake shi a titi. Abin da ya fi ba ni haushi a harkar nan shi ne mai riƙon da zai ɓoye cewa kare ya taɓa kai cizo don ya samu a rage masa nauyi. In gidan da yara ƙanana fa?

Likita: Tunda an zo kan cizo, bari in sa baki. Duk karen da ba a san tarihinsa ba, likita zai fara gani kafin ya shiga cikin iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Sannan a killace sabon zuwa kamar mako biyu, kada ya haɗa kwano da dabbobin gida. A ba shi maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙuma.

Bala: 'Yan kwikwiyo fa? Su ai sun fi sauƙi.

Hadiza: Wa ya gaya maka? In babu uwa, duk bayan awa biyu zuwa uku sai ka tashi ka ba su madara, har cikin dare. Ba sa iya ɗumama jikinsu, ba sa ma iya fitsari da kansu, sai ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka shafa musu a ƙasan ciki yadda uwar ke lasa. Ido ma sai sun kusa mako biyu suke buɗewa.

Likita: Kuma daga mako na uku zuwa wajen na 12 ne ɗan kwikwiyo ke koyon abin da zai yarda da shi a duniya: hannun mutum, ƙarar mota, yara, sauran karnuka. Wanda ya yi waɗannan makonni a kulle, da wuya tsoro ya bar shi gaba ɗaya. Rigakafi ana farawa a mako shida zuwa takwas, a yi ta maimaitawa har mako 16. Kada a bayar da shi kafin ya cika mako takwas.

Bala: To mu zo ranar da za a zo ɗaukarsa. Kina kuka ko ba kya yi?

Hadiza: Ina yi mana, Malam Bala, ai sabo ake yi wa kuka. Amma sai motar ta tashi. Kafin nan aiki nake. Tun da farko na riga na yi musu tambayoyi: mai gidan da kuke haya ya amince? Wa ke gida da rana? In ya yi ciwo akwai halin kai shi asibiti? Ranar kuwa in haɗa musu bargon da yake kwana a kai ba tare da na wanke ba, da katin allurarsa, da irin abincin da ya saba, su riƙa sauyawa a hankali cikin mako guda don kada ya yi gudawa. In ja musu kunne kan ƙofa, domin kwanakin farko ne kare ya fi tserewa.

Likita: In an saka masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, a tabbata an sauya sunan mai shi a rajista. A Ingila tun 2016 doka ce kowane kare ya samu. Mutane na mantawa da sauya lambar waya, kare ya ɓata a yi ta kiran wanda ya bayar da shi tuntuni.

Bala: Ni fa da ni ne, wannan ja ɗin ba ta fita.

Hadiza: Da yawa haka suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ɗaki ɗaya gare ni na wannan aiki. In na riƙe ta, wanda za a kira ni a kansa gobe sai in ce babu wuri.

Bala: Kina zuwa ganinsu daga baya?

Hadiza: Ba a makonnin farko ba. In ya gan ni zai ɗauka ɗaukarsa na zo yi. Hoto nake roƙa, shi ma ba na matsa musu. Sharaɗina ɗaya ne, in abin bai yiwu ba su dawo mini da shi, kada su ba wani.

Likita: Kuma kafin na gaba ya shigo, a wanke ɗakin da gaske. Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ta ɓulla a 1978, ƙwayarta na iya yin watanni a ƙasa da rai, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta. A share ƙazanta tukuna, sannan kashi ɗaya na bilic, wato ruwan nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye.

Bala: Wato bayan kuka sai bokiti.

Hadiza: A yinin ma. Jama'a lokaci ya cinye mu, sai mun sake haɗuwa.