"Guarantee": kalmar da Bature ba ya saurin furtawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Manchasta ta ƙasar Birtaniya nake muku magana, ku yi haƙuri da ƙugin iskar nan. Yau a kan kalma ɗaya zan tsaya, wato guarantee.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce garantin da mai shagon waya yake cewa "wannan babu garanti". 'Yan'uwanmu na Nijar ma haka suke faɗa, don Ingilishin kansa daga Faransanci ya aro ta. Amma mu a matsayin sunan abu kawai muka ɗauke ta, su kuwa a nan har a matsayin kalmar aiki, wato aikatau, suke amfani da ita. Wurin furtawa, ƙarshenta ake ja: garan-TII.

In Bature ya ce maka I promise, niyyarsa ya faɗa, zai yi ƙoƙari. In ya ce I guarantee, to ya ɗora abin a wuyansa ne: zai faru, in bai faru ba a zo a kama shi. Shi ya sa da wuya ka ji ta a bakin likita ko lauya. Abin da za ka fi ji shi ne I can't guarantee. Sababbin zuwa da yawa suna jin haka sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an ƙi su ne. A'a! Mutumin zai yi aikin, alhakin sakamakon ne ba ya so ya ɗauka. Ni a kunnena, kusan ita ce "in Allah Ya yarda" ɗinsu.

Daga ita aka samu guarantor, mai tsaya maka. Ɗalibai, ku saurara da kyau. Yawancin masu gidan haya suna neman wanda zai tsaya maka, kuma sun fi son mazaunin ƙasar nan. In ka kasa biya, shi za a bi. Don haka kada ka ga laifin ɗan garinku in ya yi jinkirin sa hannu, aljihunsa ne ka ce ya jingina.

Batun kaya kuma, ko da garanti ko babu, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da abin da ka saya a shago in ya zo da matsala, a dawo maka da kuɗinka cif. Ka dai adana rasit.

Inda kalmar ta fi ba ni haushi shi ne tallan masu haɗa tafiya: visa guaranteed. Malam, wa ya ba ka wannan ikon? Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ce kaɗai ke yanke hukunci kan bizar shigowa nan. Duk wanda ya ce maka ya tabbatar, ka ce ya rubuta a takarda cewa zai mayar maka da kuɗinka in an hana ka, ya sa hannu gaban shaidu. A nan za ka ga ya fara kame-kame.